Yadda ake dasa itace da yara a gida a Katsina har ya tsallake bazarar farko

Duk shekara da damina ta kankama sai ka ga an fito da dashe mota-mota, a yi taro a ɗauki hoto ana zuba ruwa da buta, to ka koma wurin a watan Afrilu ka ƙirga nawa suka rage. Gina rami kowa ya iya. Inda ake faɗuwa shi ne wata takwas ɗin nan da ba ruwan sama, ga akuya, ga gara, ga ranar da ke haura digiri 40, itacen da ba wanda ya san da zaman shi ba ya kai labari. Shi ya sa ni a ganina in dai a gida za ka yi dashe to ka jawo yara ciki tun farko, su ne ke gida safe da yamma, kuma yaro in ka ce mashi wannan naka ne wallahi ko kaza ba ta isa ta raɓi wurin ba.

Mu nan ba sai an yi mana dogon wa'azi kan amfanin itace ba, muna bakin iyaka da Nijar, duk wanda ke bin hanyar Jibiya ko Kaita ko Mai'aduwa ya san yadda iska ke kwasar rairayi ta binne yabanya. Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti wajen kilomita 8,000. Amma abin da ya fi burge ni yana nan kusa da mu, yankin Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke toho a gona, sai su rage rassa su bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi, abin da suke ce ma sassaben zamani, da haka aka maido da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar ba tare da an sayi leda ɗaya ta dashe ba. Gawo ma kaɗai ya isa misali, da damina yake zubar da ganye ya bar gero ya sha rana ya kuma ci taki, da rani ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Ga kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Wannan ka fara faɗa ma yaran, suna riƙe shi.

Mataki na farko: ku zaga gidan tare

Kafin a sayi komai ka ɗauki yaran ku tsaya tsakar gida da hantsi, ku sake tsayawa bayan azahar, ku ga ina rana ta fi duka. Gefen yamma shi ke gasa ɗaki har dare, in akwai fili can to can ne wurin itacen inuwa. Sai ka ɗaga kai, in akwai wayar wuta a sama ka matsa, don nan da shekara biyar za a zo a datse maka shi ba sallama. Sai ka duba ƙasa, ina shadda take, ina sokawe, ina bututun ruwa ya bi. Manyan itatuwa irin bedi da mangwaro da tsamiya a ba su aƙalla mita 5 daga bango da shadda, saiwar su na neman danshi kuma ba ta san katangar maƙwabci ba, rigimar da ake yi kan ganye na zuba gidan wani ko saiwa ta tsaga bango ta ɓata zumunci da yawa a cikin gari. In gidan haya kake ka tambayi mai gida, in ya ƙi to akwai rabin duro da buhun siminti, za mu zo kan su.

Mataki na biyu: wane itace

Nan mutane ke bin son zuciya, an ga wani itace a Abuja ko a hoto an ce shi ake so. Ƙasar mu jigawa ce, ruwa ba ya zama, ka zaɓi abin da ya saba da wahala. In tsakar gidan ƙarami ne: zogale, gwanda, gwaiba, lemun tsami, sai lalle a jikin katanga wanda Umma ba za ta bari ya mutu ba ko kowa ya manta. In akwai fili ko ƙofar gida: bedi, mangwaro, tsamiya, kurna. Bedi asalin shi daga Indiya ne amma ya zama ɗan gida, ba ya neman komai bayan shekara biyu, kuma da damina 'ya'yan shi na tsirowa birjik a gindin uwar, kyauta ne, ka cire da ƙasar shi ka kawo. Itacen turare ban ba da shawarar shi cikin gida ba, yana shanye ruwan ƙasa kuma ba abin da ke yin kirki a ƙarƙashin shi.

Ga yara dai zogale ya fi, saboda yaro ba ya da haƙurin shekara biyar. Zogale cikin sati ɗaya zuwa biyu ya tsiro, kafin damina ta fita ya kere mai shi tsawo, ana tsinkar ganyen a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli yaro na cika baki wai nashi ake ci. Gwanda kuma cikin shekara take fara 'ya'ya, sai dai akwai namiji akwai mace, ba ka ganewa sai sun yi fure, don haka ku shuka uku ko huɗu, namijin shi ke fiddo dogayen zarar fure ba 'ya'ya, a bar ɗaya a cire saura. To kowane yaro a ba shi mai sauri ɗaya, sannan gidan gaba ɗaya a yi babban itace ɗaya na kowa da kowa.

In mangwaro ne ka nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan tsiron ƙwallo. Na ƙwallo sai ya kai shekara 6 ko fiye kafin ka ga komai kuma ba tabbas ya yi irin uwar shi, mai aure kuwa shekara 3 zuwa 4 ya fara. Kar ka yarda da baki kawai, ka ce ma mai saidawa "Malam nuna mani wurin auren", za ka ga tabo a jikin karan kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, wani lokaci har da sauran ledar da aka ɗaure. Ka ɗaga ledar dashen ka duba ƙasan ta, in saiwa ta huda ta yi kauri ta kama ƙasa to ya daɗe a ajiye, ɗauki wani. Ƙaramin dashe mai lafiya ya fi dogo siriri da ya sha inuwa.

Mataki na uku: renon iri a leda

Wannan ba dole ba ne in za ka saya, amma gaskiya shi ne ɓangaren da yara suka fi so kuma ba ya cin ko sisi. A watan Afrilu ko Mayu ka sa su tara ledojin fiya wata, a yanke baki a huda ƙasan da ƙusa wuri uku ko huɗu. A haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a cika. Irin zogale a tura shi zurfin gaɓar yatsa ɗaya, biyu a kowace leda. Ƙwallon tsamiya a jiƙa shi ya kwana. Na kuka taurin kai gare shi, sai an zuba mashi ruwan zafi an bar shi ya kwana ciki, ko a ɗan goga gefe a jikin siminti har fatar ta yi sirara, wannan aikin goga ɗin ka ba ɗan shekara bakwai zai yini yana yi ba ƙorafi. Ruwan zafin dai babba ya zuba. A jera ledojin inda ke samun ranar safe kawai, a ɗora kan wani abu ko a kife tsohon kwando saboda kaji. Kowa ya rubuta sunan shi a jikin ledar shi da alƙalamin maka.

Za su so tonowa su ga ko ya fara tsiro, kar ka yi faɗa, ka ware leda ɗaya ta tono, ita kowa ke da izinin buɗewa ya ga yadda saiwa ke fara fitowa kafin ganye. Sauran a bar su lafiya.

Mataki na huɗu: rami

Lokacin dashe a nan shi ne in ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don itacen ya sha ruwan Agusta gaba ɗaya. Dashen Satumba wahala ce kawai ka saya. Ramin kuma a gina shi sati biyu kafin ranar, kamu ɗaya da ɗan ƙari ta ko'ina, wato kamar santimita 60 faɗi da zurfi. In ka ci karo da marmara ko ɓaraguzan gini sai ka sa dagi ka fasa, in ba haka ba saiwar za ta yi ta zagaye wuri ɗaya. Ƙasar sama a tara gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Ta saman ita za a cuɗa da taki kamar bokiti ɗaya a maida cikin ramin, a watsa toka tafi biyu, a bari ruwan sama ya daka.

Takin ya zama tsoho wanda ya ruɓe ya yi baƙi ba ya wari, kashin awaki ko na shanu na bara. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa, takin zamani ma kar ka zuba a ramin ƙaramin dashe, ba ya buƙata yanzu.

Gina na babba ne, cuɗa ƙasa da taki na yara, su yi kaca-kaca ba komai, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Mataki na biyar: ranar dashe

Bayan la'asar ake yi, in da hadari ma ya fi. A jiƙa ledar tun da safe don ƙasar ta kama jikin ta. Ka kwantar da dashen a tafin hannun ka, ka tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa, ka ɓare ta a hankali, curin ƙasar ya fito dunƙule da fararen saiwoyi a jikin shi, ka miƙa ma yaron da hannu biyu ka ce ya tallafe daga ƙasa kar ya kama kara. Ledar nan a cire ta gaba ɗaya don Allah, dashen da aka binne da leda tsumburewa yake. Wuyan dashen ya zo daidai da bakin ƙasa kamar yadda yake a leda, kar a nutsar da shi, in mai aure ne tabon ya kasance sama sosai. A maida ƙasa, yaron ya danna da tafin hannu ko ya ɗan taka gefe-gefe, a yi ɗan gurbi zagaye kamar kwano don ruwa ya tsaya, a zuba bokiti guda ko da an yi ruwa jiya. In akwai iska a kafa sanda a ɗaure da tsumma sako-sako.

Mataki na shida: shinge, a ranar ba gobe ba

Akuya ɗaya minti ɗaya ya ishe ta. In a ƙofar gida ne a zagaye da bulo a jera da 'yan ƙofofi don iska, ko ragar waya da sanduna huɗu, in ba kuɗi ƙayar magarya ko ta bagaruwa na yi, sai dai a riƙa ƙarawa don masu neman makamashi na zarewa. Tsawon ya kai ƙirjin babba, akuyar Katsina miƙewa take da ƙafa biyu. Cikin gida matsalar kaji ce da ƙananan ƙanne masu tsinkar ganye, tsohon gidan sauro a kan sanduna ya wadatar.

Mataki na bakwai: ruwa, nan aikin yake

Daga Oktoba ruwa ya ɗauke, sai ku. Abin da mutane ke yi shi ne kofi ɗaya kullum a saman ƙasa, saiwa ta saba da zama sama, rana ɗaya aka manta ya bushe. Gwamma bokiti guda mai lita 10 sau biyu ko uku a sati ya nutse ƙasa sosai saiwa ta bi shi. Da bazara, Maris zuwa Mayu, a koma bayan kwana bibbiyu, da sassafe ko bayan la'asar.

Na san abin da za ka ce, famfo ba ya zuwa, jarka kuɗi ce wurin 'yan garuwa. To ruwan da gida ke zubarwa ya isa itace biyu ko uku. A ajiye roba inda ake alwala, gida mai mutum takwas sau biyar a rana lissafa ka gani. Ruwan wankin shinkafa, na wankin ganye, na ɗaurayar ƙarshe. Wanda ba a so shi ne mai omo da yawa, mai bilic, mai gishiri ko maiƙo. Kuma kar ka ga kamar talauci ne, lambun furannin nan na Dubai da aka buɗe a 2013 wanda kowa ke yaɗa hoton shi, da ruwan da aka yi amfani da shi aka tace ake ba shi, ɗigo-ɗigo ta siraran bututu.

Dabarar da ta fi kowace a wurina ita ce tulu. Ka sayi tulun ƙasa ɗanyen gashi wanda ba a shafa ma komai ba, irin mai zufa, ka binne shi har wuya kamar taƙi biyu daga gindin dashen, a cika da ruwa a rufe bakin da tsohon murfi a ɗora dutse. Ruwan na tsattsafowa a hankali ta jikin shi daidai inda saiwa take, rana ba ta sha, in ka tona gefen bayan wata biyu za ka tarar da saiwoyi sun lulluɓe jikin tulun. Aikin yaron kullum da safe kafin makaranta shi ne ya ɗaga murfi ya leƙa, ya dawo ya ce "Baba saura rabi", sai a ce ɗauko buta. In ba tulu, gorar ruwa babba ta roba a huda ƙananan ƙofofi da allura a binne, tana yi amma tana toshewa.

A rufe gurbin da busassar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe, amma a bar tazarar yatsu huɗu daga karan, in ya taɓa jikin shi ka gayyato gara. Gara ta fi kama itacen da ƙishi ya galabaitar. In kun ga ta fara gini a jikin kara a kankare, a zuba toka zagaye, a daka 'ya'yan bedi ko ganyen a jiƙa a zuba ruwan. Maganin feshi na kanti ba na hannun yara ba ne ko kusa.

Mataki na takwas: fangalin yara

Itace na tafiya a hankali, in ba wani abu da ke motsi a gefe yara za su gaji. A ware masu ɗan wuri ko da mita biyu ne. Nan ne za ka buɗe waya ka nuna masu lambunan duniya, amma ka zaɓi waɗanda suka yi kama da mu. Kew na Landan da aka kafa a 1759 da Keukenhof na Holan mai furanni miliyoyi abin kallo ne, sai dai can ruwa da sanyi Allah ya hore masu. Ka nuna masu Shalimar na Lahore da sarki Shah Jahan ya sa aka fara a 1641, da lambunan fadar Alhambra a Granada ta Sifen, mutanen ƙasar zafi suka tsara su, dabarar kuma ɗaya ce, a raba fili gida huɗu, hanyar ruwa ta ratsa tsakiya, itatuwan inuwa da na marmari a gefe. Sai Al-Azhar Park na Alƙahira da aka buɗe a 2005, wanda wurin juji ne na shekaru wajen 500 kafin a maida shi lambu, wannan duk wanda ke da kango cike da leda a bayan gidan shi ya kamata ya gani.

To ku ma ku raba naku huɗu, 'yar hanyar ruwa a gicciye, kowane yaro da gidan shi, a zuba ruwa daga kai su ga yana bi yana shiga kowane fangali, wannan wasan kaɗai ya ishe su. Da damina a sa wake, kuɓewa, sure, rama, gyaɗa, wake cikin kwana huɗu ko biyar ya fasa ƙasa. Da hunturu a sa salak, karas, tumatir, albasa, da lansir wanda ke fitowa cikin kwana biyu zuwa uku, na marasa haƙuri. Masu gidan siminti ko haya, buhun siminti da aka wanke ko rabin duro da aka huda ƙasan shi na ɗaukar duk waɗannan, har zogale da lemun tsami na zama a duro. Na'a-na'a a ba ta tukunyar ta daban don mamaye wuri take.

Rabon aiki ya bi shekaru. 'Yan uku zuwa biyar buta da saka manyan iri. 'Yan firamare cire ciyawa, leƙa tulu, awo da igiya duk Juma'a a yi zane a bango. Manyan su riƙe fartanya su kuma rubuta ranar da aka shuka komai. Kar ka maida ban ruwa horo, ranar da ka ce "tunda ka yi laifi je ka ba shuka ruwa" ka gama kashe abin. Kuma in an tsinki kuɓewar Nana a sa a miya a faɗa a gaban kowa cewa tata ce.

Abubuwan hattara

Duro ko bahon ruwa a rufe kullum, saboda ƙananan yara da kuma sauro. Kar yaro ya tura hannu ƙarƙashin bulo ko tarin ciyawa, kunama na son wurin danshi, a fara tonawa da sanda, a sa takalmi. A nuna masu tsirran da ba a wasa da su: tumfafiya ruwan ta na illa ga ido, 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu guba ne ga kuma kama da abin ci, zaƙami kuwa gusar da hankali yake. In sun fito a gida a tumɓuke.

Bayan ya kama

Zogale in ya kai ƙugun babba a tsinke kan shi, yaron zai yi kuka ya ce an kashe mashi, ka lallashe shi, cikin sati biyu zai ga rassa sun fito ta ko'ina maimakon sanda ɗaya da ba mai iya kaiwa. Mangwaro mai aure duk tohon da ya fito ƙasa da tabon a cire shi, na uwar ƙwallon ne, in aka bar shi zai rinjaye auren. In ya yi fure a shekarar farko ko ta biyu a zubar, jikin shi bai yi ƙwari ba. Da hunturu wasu itatuwan na zubar da ganye su tsaya cak, kafin ku ce ya mutu a ɗan kankare ɓawon da farce, in ciki kore ne yana nan, a ci gaba da ban ruwa. In ya bushe ƙayau a tone tare da yaron a duba saiwar, gara ce ta ci, ruwa ne ya yi yawa ta ruɓe, ko ta nannaɗe ne, sai a bar ramin da takin shi zuwa Yuli a sa wani, shi ya sa ake rena leda fiye da buƙata. In za ku yi tafiyar hutu ko ta sallah a cika tulu, a ƙara ciyawa, a bar ma maƙwabci ko almajirin gida amanar jarka biyu da ɗan abin hasafi. Shingen kuma kar a cire shi sai bayan damina ta uku, lokacin da kan itacen ya wuce inda akuya ke kaiwa kuma ɓawon ya yi kaurin da ba ta iya ɓarewa.